Wace Ƙararrawa Ta Dace Da Ɗakin Da Ake Hura Wuta?

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan sashenmu na taimakon gaggawa suka yi wa dattawan ikilisiyoyi da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa daga yankin Isa da Sabon Birni, gab da shigowar hunturu. Mun buga shi domin a karanta wa jama'a bayan sujada.

   

Yau maganarmu a kan wuta ce, wadda mu da kanmu muke hurawa a murhu domin tuwo, da wadda muke shiga ɗaki da ita a kasko domin jin ɗumi. Da yawa cikinku kun tambaye mu game da 'yan na'urorin nan da ake maƙalawa a ɗaki, masu ƙara idan gobara ta tashi. Wasu sun gan su a shagunan Sakkwato da Gusau da Maraɗi, wasu kuma 'ya'yansu da ke birni sun aiko masu. Tambayar ita ce: suna da amfani a irin ɗakunanmu? In suna da shi, wacce za a saya? Amsar a taƙaice ita ce suna da amfani, amma iri uku ne, kowacce da aikinta, kuma wadda aka fi gani a kasuwa ita ce ba ta dace da wurin girki ba.

Abin da ya sa muka damu

A littafin Annabi Ezekiyel sura 33 an yi maganar mutumin da jama'a suka zaɓa ya zama mai tsaronsu. In ya hango hatsari ya busa ƙaho, wani ya ji ya ƙi kulawa, alhakin yana kan wanda ya ƙi. In kuwa ya hango ya yi shiru, shi za a tambaya. Mu shugabanni an ɗora mana wannan aiki a kan iyalan da ke hannunmu, shi ya sa ba za mu ga hatsari mu yi shiru ba.

Kuma hatsarin ba na nesa ba ne. A watan Fabrairu na 2025, a Ƙaura Namoda da ke kan hanyar Shinkafi zuwa Gusau, gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo, yara almajirai 17 suka rasu. A watan Nuwamba na 2021, a Maraɗi, ajujuwan zana suka kama wuta, yara 'yan makaranta fiye da 20 suka mutu. A watan Janairu na 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone, alhali kuwa a cikin birni ne inda 'yan kwana-kwana suke kusa. To, ina ga ƙauyen da motar kashe gobara za ta yi sa'o'i kafin ta iso, in ma hanya ta bari?

Ƙari a kan haka, zamanmu ya canza. Tun daga 2019 dubban mutane suka bar ƙauyukansu a wannan yanki saboda 'yan bindiga, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka taru a garin Isa da Sabon Birni da Gatawa. Ɗakin da dā mutum uku ke kwana, yanzu goma ne. A nan ake girki, a nan buhun gero yake, a nan katifa da gidan sauro, wani lokaci har da jarkar fetur ta mai babur. Da dare kuma a sa sakata a ƙara da kwaɗo, saboda tsoro. Duk wanda ya dubi irin wannan ɗaki ya san minti biyu na gargaɗi suna iya zama bambanci tsakanin jana'iza da godiya.

Kuskuren da mu muka yi

Kafin mu ba ku shawara, bari mu faɗi laifinmu. Wasu shekaru da suka wuce an aiko mana da kwali guda na ƙararrawar hayaƙi kyauta. Muka yi murna, muka raba, muka ce a rataye inda ake hura wuta tun da can ne hatsari yake. Da muka zagayo bayan mako biyu, kusan duka sun yi shiru. Wata uwarmu ta ce mana, “'Ya'yana, wannan abin naku ba ya barin mutum ya tuƙa tuwo. Ina hura wuta yana ihu, ina suya yana ihu, jariri ya kasa barci.” Ta cire batirin, kuma ba mu ga laifinta ba. Wasu batiran ma a cikin makirfon majami'a muka same su, domin girmansu ɗaya.

Na'urorin ba su lalace ba, aikinsu suka yi. An ƙera su ne domin gidajen da hayaƙi baƙo ne, mu kuwa a madafarmu hayaƙi ɗan gida ne. Mai tsaron da ke busa ƙaho safe da yamma ba dalili, ƙarshensa a ƙwace ƙahon, ran da hatsari ya zo kuwa babu mai busawa. Wannan darasi ne muka saya da kunya, muna ba ku shi kyauta.

Iri na farko: ƙararrawar hayaƙi

Ita ce aka fi sani, a jikin kwalinta za ku ga an rubuta Smoke da Turanci. Ita ma kashi biyu ce. Ɗaya tana da ɗan ƙaramin sinadari a ciki wanda ke sa wata siririyar wutar lantarki ta riƙa ratsa iska, in hayaƙi ya shiga ya tare ta sai ta yi ƙara. Tana saurin jin wutar kara, wato mai tashi da harshe nan take, amma ita ce ta fi kowacce yawan ihun banza, ko ƙaurin suya ya ishe ta. Ɗayar kuma tana aiki da haske: akwai ɗan haske a cikinta da ido mai kallonsa daga gefe, in hayaƙi ya shiga ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi ƙara. A kwalinta ana rubuta Optical ko Photoelectric. Wannan ta fi jin wutar ƙaiƙayi, mai ci a hankali babu harshe, irin wadda ke faruwa in garwashi ko maganin sauro na kunnawa ya faɗa kan katifa ko tsumma cikin dare. Irin wannan wuta ce ta fi kashe masu barci, domin hayaƙin katifa yana sumar da mutum tun kafin zafi ya tashe shi.

Saboda haka, in za ku sayi ƙararrawar hayaƙi, ku sayi mai aiki da haske, ku sa ta a ɗakin kwana da ba a girki a cikinsa, ko ɗakin ajiya, ko cikin majami'a da aji inda baƙi ke kwana. Ta yi nesa da murhu da aƙalla mita 3, wato kamar taku huɗu na babban mutum. Hayaƙi sama yake tashi, don haka a sama ake sa ta, wajen tsakiyar ɗaki, ba a kusurwa ba, ba kuma bakin taga ba inda iska za ta kore hayaƙin. A ɗaki mai jinka kada a cusa ta can cikin tsinin, a ɗan sauko da ita, amma kada ta wuce mita ɗaya daga ƙololuwa.

Abokan gabanta a ƙasarmu su ne ƙurar hunturu da gizo-gizo da zanzaro mai toshe kowace kafa da laka. Ƙura tana sa ta yi ƙarar banza, laka tana kurumtar da ita. Sai a riƙa share ta da busasshen tsumma ko gashin kaza, a hure kafofinta. Kada a wanke ta da ruwa, kada a shafe ta da fenti.

Iri na biyu: ƙararrawar zafi

Wannan ita ce ta madafa da duk wurin da hayaƙi ke tashi kullum. A kwalinta an rubuta Heat. Ba ruwanta da hayaƙi ko ƙura ko tururi, zafi kawai take ji. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna yin ƙara ne in zafin da ke kewaye da su ya kai wajen digiri 58.

A nan sai mu yi hattara, domin masu ƙera su ba su zauna a Gobir da bazara ba. Kun san a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce digiri 40, kwanon rufi kuwa da tsakar rana ba ya taɓuwa. In aka manna wannan na'ura a jikin kwano a ɗakin da ba silin, a kuma hura wuta a ƙasa, tana iya ihu babu gobara. Don haka a kafa ta a jikin katako ko azara, ƙasa da kwanon, kuma ba daidai saman murhu ba, a ɗan goce gefe.

Akwai kuma wata iri da ta fi dacewa da mu, wadda ba yawan zafi take aunawa ba, saurin hawansa take aunawa. Zafin rana da na girki a hankali suke hawa, na gobara kuwa yana tsalle ne, kamar digiri 8 ko fiye cikin minti ɗaya. In mai shago yana da irin wannan, ita ce gaba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A ƙasar Afirka ta Kudu, a unguwar talakawa ta Khayelitsha da ke birnin Kef Tawun, gobara ta tashi ranar 1 ga Janairu 2013, ta bar dubban mutane ba wurin kwana. Mutanen can ma a ɗaki ɗaya suke girki da kwana, ƙararrawar hayaƙi ba ta yi masu aiki. Sai wasu matasa na jami'ar birnin suka ƙera wata 'yar na'ura mai suna Lumkani, ma'ana “ku yi hattara” a harshen mutanen wurin. Saurin hawan zafi take aunawa. In ta yi ƙara a gida ɗaya ba a kashe ta ba cikin 'yan daƙiƙu, sai na sauran gidajen da ke cikin tazarar mita 60 su ma su ɗauka, unguwa duka ta farka. Darasi biyu muka ɗauko daga gare su: a auna zafi a wurin hayaƙi, kuma a tashi maƙwabta, ba mai gida kaɗai ba.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Ƙararrawar zafi ba ta yin magana sai wuta ta riga ta yi ƙarfi. Ba ta isa ta tsare mai barci ita kaɗai ba.

Iri na uku: ƙararrawar iskar gawayi

Iyayenmu mata, a nan muke roƙon ku ba mu kunnuwanku biyu, domin wannan ita ce maganar da ta fi nauyi yau. Akwai abin da ke kashe mutane a ɗaki ba tare da ko zare ya ƙone ba. Duk lokacin da itace ko gawayi ko kananzir ko fetur ke ci a inda iska ba ta wadata ba, suna fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, a rubuce kuma CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In an shaƙe ta tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau fiye da 200, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne wannan: mun saba cewa a bari hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, sannan a shiga da kasko ɗaki. Amma jan garwashin nan marar hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka. A rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma saboda sanyi, shi ke nan an haɗa tarko. Haka yake ga kurfoti, haka ga garwashin da ake sa wa mai jego ƙarƙashin gado, haka kuma ga janareta da ake shigarwa ɗaki ko zaure saboda ɓarayi. Jarirai da mata masu juna biyu da tsofaffi su ne take fara kayarwa.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake kuskure. Ga yadda za ku bambanta: in mutanen ɗaki ɗaya duk suka tashi da ciwon kai lokaci guda, babu zafin jiki, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, to ku tuhumi kasko. Kada a ce maita ce ko iskoki, kada a tsaya neman wanda ya yi. Sau da yawa iyali sun rabu da maƙwabta a kan zargin da ba shi da tushe, alhali mai laifin yana tsakar ɗaki cike da toka.

Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin wannan iska, ta zafi ma haka. Sai wadda aka rubuta wa CO. An tsara ta yadda in gubar kaɗan ce, kamar kashi 50 cikin miliyan, za ta jira awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kafin ta yi ƙara, in kuwa ta kai kashi 300 cikin miliyan za ta yi ƙara kafin minti 3. A ɗakin da wutar take, a sa ta a bango, sama da tsayin ƙofa, tazarar mita 1 zuwa 3 daga wutar. A ɗakin kwana da ke maƙwabtaka da wurin wuta, a sa ta kusa da inda kawunan masu barci suke. In ta yi ƙara kuka duba ba ku ga komai ba, kada ku ce ƙarya take yi. Abin da take ji ba a ganinsa. In kuma tana yawan ƙara a madafa, gaskiya take faɗa maku: madafar tana bukatar taga ko kafa a sama.

To, wacce za a sa a ina?

Madafa da ba a kwana cikinta: ta zafi. Ɗakin kwana da ba a shiga da wuta: ta hayaƙi mai aiki da haske. Ɗakin da ake shiga da kasko ko kurfoti: ta CO. Ɗaki guda da ake girki da kwana a cikinsa, kamar na 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira: ta CO da farko, sannan ta zafi in hali ya yi. In kuwa za a iya fitar da murhu waje ƙarƙashin rumfa, ko da rani kaɗai, to ɗakin ya koma na kwana, sai a sa masa ta hayaƙi. Akwai na'urori masu haɗa hayaƙi da CO wuri guda, suna da kyau a ɗakin kwana, amma a wurin girki za su dame ku kamar yadda namu suka dami iyayenmu.

In kun je saye

Araha ba ta ado, kuma a wannan kaya jabu ya fi babu muni, domin yana sa mutum ya kwanta da sakin jiki. Ku duba abu biyar. Na ɗaya, lambar inganci a jikin na'urar: EN 14604 ga ta hayaƙi, EN 50291 ga ta CO, ko tambarin UL ga waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka. Na biyu, ranar da aka ƙera ta. Ta hayaƙi shekara 10 take yi a canza ta, ta CO kuma shekara 7 zuwa 10 gwargwadon iri, saboda haka tsohuwar da ta daɗe a shago ta riga ta ci rabin ranta. Na uku, batir. Wadda ke dogara da wutar NEPA kaɗai ba tamu ba ce. Mafi kyau ita ce mai batir a rufe ciki wanda ba a cirewa, mai daɗewa har shekara 10, domin ba wanda zai are shi. Na huɗu, ku guji wadda sai da waya ko intanet take aiki. Kun tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Isa da Sabon Birni. Mai tsaronmu ya zama wanda ke aiki ko babu sabis. Na biyar, ku sa a danna maɓallin gwaji a gabanku. Ƙarar ta zama mai ratsa kunne, wadda za ta tashi mai nauyin barci.

Bayan an kafa, a gwada ta aƙalla sau ɗaya a wata. Muna ba da shawara a ɗaura wannan a kan Lahadin Jibin Ubangiji: sakataren ikilisiya ya tuna wa jama'a cikin sanarwa, kowa ya koma gida ya danna maɓalli. In kun ji tana ɗan “ƙit” jefi-jefi, batir ne ya yi sanyi. Zafin ƙasarmu yana rage ran batir, kada ku jira shekarun da aka rubuta su cika kafin ku kula.

Mun san ba kowane gida zai iya saye ba a wannan tsadar rayuwa. In ikilisiya za ta yi baiko domin wannan, a fara da inda mutane suka fi yawa da dare, wato majami'a ko ajin da aka sauke baƙi, sai ɗakunan masu jego, sai na tsofaffi da gwauraye da ke kwana su kaɗai. Zumuntar Mata kuma tana iya sayen ta CO guda biyu ko uku ta riƙa ba masu jego aro har su gama wanka.

Abin da ba ya bukatar ko sisi

Ƙararrawa ba ta kashe wuta, faɗakarwa kawai take yi. Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa kyauta ne. A ɗumama ɗaki da kasko, a fitar da shi kafin a kwanta. In dole ne wuta ta kwana saboda marar lafiya ko jariri, a bar taga ko kafa a buɗe, babba ɗaya kuma ya zauna a farke. Janareta a waje, nesa da taga. Jarkar fetur kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutane ko da wuta. Tarin kara da ciyawar dabbobi su yi nesa da madafa da rumbu. A kashe garwashi da ruwa ko ƙasa bayan girki, domin iskar hunturu tana ɗaukar tartsatsi ta kai kan jinka, wutar da ta fara daga waje kuwa ƙararrawar cikin ɗaki ba za ta ji ta da wuri ba. Murhun da aka kewaye da laka, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi da aka sani a Nijar, yana tsare garwashi, yana rage cin itace, yana kuma rage hayaƙi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Sai maganar ƙofa. Ba za mu ce ku bar kulle ƙofa ba, mun san dalili. Amma mabuɗi ya kasance wuri ɗaya kullum, kusa da ƙofa, inda ko yaro ɗan shekara bakwai zai lalubo shi cikin duhu. Kuma kada a taɓa kulle yara ta waje a tafi kasuwa ko sujada alhali akwai wuta ko fitila a ɗakin.

In ƙararrawa ta yi ƙara

A nan akwai abin da ya shafi yankinmu musamman. A wurinmu ihu da dare yana nufin hari, kowa ko dai ya ruga daji ko ya ƙara danne ƙofa. In ba a shirya ba, ƙararrawa za ta yi ƙara, maƙwabta su gudu, gida ya ƙone. Saboda haka duk gidan da ya kafa na'ura ya kira maƙwabta, Kirista da Musulmi, ya danna masu su ji muryarta da rana tsaka. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. A kuma yarda a kan alama: mai ihu ya ambaci kalmar “gobara” a fili, ƙarfen majami'a kuma ya kasance da bugun gobara dabam da na sauran hatsari. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Littafin Fitowa sura 22 ma an ɗora wa wanda ya kunna wuta biyan hatsin maƙwabcinsa in ta bazu ta cinye shi. Wutar gidanka ba taka ce kai kaɗai ba.

In gobara ce, a fitar da yara da tsofaffi tukuna, a sunkuya ƙasa domin iska mai kyau a ƙasa take, a taru wuri ɗaya a ƙirga kawuna. Kada kowa ya koma domin kuɗi ko takarda ko akuya. Wutar fetur da ta man girki ba a zuba mata ruwa, yashi ake zubawa ko a rufe tukunyar da murfi, saboda haka kowane gida ya ajiye bokitin yashi kusa da madafa. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma a riƙa zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

In ta CO ce ta yi ƙara, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita waje, a fitar da kaskon. Wanda ya suma ko ya ruɗe a kwantar da shi a gefensa inda iska ke kaɗawa, kada a ɗura masa nono ko manja, a garzaya da shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, a gaya wa ma'aikata cewa da gawayi ya kwana. Mai juna biyu da jariri a kai su ko da sun ga kamar sun warware. Mu yi addu'a, amma mu yi ta a kan hanyar asibiti.

Roƙonmu gare ku

Iyayenmu Fastoci, ku ba wannan magana minti goma bayan sujada kafin sanyin Kirsimeti ya kankama. Iyayenmu mata, ku ne masu murhu, ku ne kuma masu shiga ɗakin jego, maganarku a can ta fi tamu shiga. Matasa, ku ne masu hawa ku kafa, ku share ƙura, ku karanta wa iyaye abin da ke jikin kwali. Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zagaya gidaje su rubuta inda ake kwana da wuta, su kawo mana a zagayenmu na gaba domin mu san inda za a fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun yi jana'iza da yawa a shekarun nan a kan abin da ya fi ƙarfinmu. Wannan kuwa Allah ya sa maganinsa a hannunmu, kada mu ƙara ko kabari ɗaya saboda kasko.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin wutar da muke dafa abinci da ita, muke kuma jin ɗumi. Ka ba mu hikimar riƙe ta. Ka tsare ƙananan yaranmu da tsofaffinmu da masu jego cikin wannan hunturu. Ka ta'azantar da iyalan da suka rasa 'ya'yansu a gobara, namu da na maƙwabtanmu. Ka kawo salama a ƙasar Gobir, waɗanda suka bar gidajensu su koma. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.